Jacques Monod: Mutumin da ya gano yadda ƙwayar halitta ke tsimi

A hutun zangon karatun da ya gabata, ɗiyar yayata da ke aji uku a sashen bayokemistiri ta zo mana da littafinta, tana haddar wani zane mai akwatuna da kibiyoyi wanda malamansu ke kira oferon na laktos. Na tambaye ta wane ne ya gano wannan abu, kuma wace tambaya ce ta kai shi ga ganowa. Amsar da ta ba kawun nata ita ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Ni malamin kimiyyar harshe ne, rabona da ɗakin gwaje-gwaje tun ina sakandare, amma amsar ta tsaya mini a rai har ta sa na yi makonni ina bin diddigin mutumin. Sunansa Jacques Monod, Bafaranshe, ana furta sunan Jak Mono, kasancewar Faransawa kan rubuta baƙaƙen da ba su karantawa.

An haife shi a birnin Paris ranar 9 ga Fabrairu, 1910. Mahaifinsa mai zanen hotuna ne, mahaifiyarsa kuwa Ba'amurkiya ce, kuma a garin Cannes da ke gaɓar tekun Bahar Rum ya tashi. Ya shiga Jami'ar Sorbonne a 1928, amma ya daɗe yana ruwan ido tsakanin kimiyya da kiɗa, domin gwani ne wajen goga babbar gogen nan ta Turawa, har ƙungiyar mawaƙa ya jagoranta. A 1936 ya yi niyyar bin wani jirgin ruwa na bincike zuwa Girinlan, jirgin da ya taɓa bi a 1934, sai wani masani mai suna Boris Ephrussi ya shawo kansa suka tafi Kalifoniya koyon ilimin gado. A wannan tafiyar ce jirgin ya nitse a gaɓar Aislan, mutum ɗaya tak ya tsira.

Abin da ya sauya rayuwarsa ya faru ne a ƙarshen 1940, Jamusawa na mamaye da Paris. Yana kiwon bakteriya a cikin kwalabe yana auna yadda suke hayayyafa. Da ya haɗa musu sukari iri biyu, ɗaya daga ciki gulukos, sai ya ga a wasu haɗe-haɗen suna yaɗuwa, su tsaya cik na ɗan lokaci, sannan su ci gaba. Ashe gulukos suke fara cinyewa tas kafin su waiwayi na biyun, kuma tsayawar nan lokaci ne da suke ƙera kayan aikin narkar da shi, wato inzayim. Ya kai wa André Lwoff na Cibiyar Pasteur wannan sakamako, shi kuwa ya nuna masa cewa mai yiwuwa abin da masana ke kira sabawar inzayim ne. Monod bai ma taɓa jin kalmar ba. Shekara ashirin da suka biyo baya a kan wannan 'yar tsayawa ya ƙarar da su.

Ya kammala digirinsa na uku a 1941, sannan ya shiga ƙungiyoyin asiri masu yaƙar mamayar Jamus, har ya kai babban matsayi a rundunarsu. Ba ƙaramar kasada ba ce, domin matarsa Odette Bayahudiya ce, ga tagwaye ƙanana. A lokacin ne ya shiga jam'iyyar Kwaminis, ya kuma bar ta bayan yaƙi. A 1948 hukumar Tarayyar Sobiyet, da goyon bayan Stalin, ta ɗaure wa Trofim Lysenko gindi, mutumin da ya ƙaryata ilimin ƙwayoyin gado, ya ce abin da shuka ta saba da shi a rayuwarta shi take gadar wa 'ya'yanta. An kori masana daga aiki, kuma kafin nan babbansu, Nikolai Vavilov, ya riga ya mutu a kurkuku a 1943. 'Yan boko da yawa a Faransa sun yi gum ko sun kare Lysenko saboda son jam'iyya. Monod ya rubuta a jaridar Combat cewa wannan ba kimiyya ba ce ko kusa. Mai karatu da ya taɓa zama a taron majalisar jami'a, ya ga yadda masana kan haɗiye abin da suka sani saboda mai mulki ya riga ya yi magana, ba ya bukatar in yi masa bayanin nauyin wannan mataki.

Inda labarin ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne batun kalmar sabawa. Kalmar na ɗauke da zato a cikinta: cewa sukarin ne ke sarrafa inzayim ya ba shi siffa, kamar yadda ƙafa ke sa takalmi ya saba. Monod da abokin aikinsa Melvin Cohn suka gwada wasu sinadarai masu kama da laktos, wato sukarin madara, waɗanda bakteriyar E. coli ba ta iya narkarwa. Sai ga shi sun sa ta ƙera inzayim ɗin birjik, alhali ba ta da abin da za ta yi da shi. Ke nan sukarin ishara ce kawai, siffar inzayim kuwa tana rubuce tun asali a cikin ƙwayar gado. A 1953 shi da wasu masana huɗu suka rubuta wa mujallar Nature suna neman a yar da tsohuwar kalmar, a ɗauki wata mai ma'anar zuga ko tayarwa. Mu da muke fama da ƙirƙirar kalmomin kimiyya a Hausa mukan ɗauka fassara ce kurum, alhali kalma ɗaya da aka zaɓa ba daidai ba takan toshe tunani na shekaru.

Saura tambaya: yaya isharar ke aiki? Daga 1957 Monod ya haɗa gwiwa da François Jacob, likitan da raunukan yaƙi suka hana zama mai fiɗa, da wani Ba'amurke, Arthur Pardee. Abin da suka gano, wanda Jacob da Monod suka tsara a maƙalarsu ta 1961, shi ne zanen da ɗiyata ke hadda. Ƙwayoyin gado uku ne jere a kan zaren DNA, guda na yin inzayim mai raba laktos gida biyu, guda na yin furotin mai shigo da shi cikin ƙwayar, sai na uku. A bakin jeren akwai wani gurbi da wani furotin ke zama a kai, tamkar mai gadi a ƙofar rumbu, ya hana a karanta umurnin. Idan laktos ya shigo, wani abin da ake samu daga gare shi sai ya manne wa mai gadin, siffarsa ta sauya, ya saki gurbin. Nan take a kwafi umurnin cikin wani ɗan saƙo na RNA mai gajeren rai, yawan inzayim ya ninka kusan sau dubu. Da sukarin ya ƙare, mai gadi ya koma mazauninsa. A nahawu sai mu ce sukarin ba umurnin yi yake bayarwa ba, kalmar kada yake gogewa, wato kore korewa. A kan wannan aiki aka ba Monod da Jacob da Lwoff kyautar Nobel a 1965, kuma a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka ware furotin mai gadin a Harvard, aka tabbatar ba almara ba ce.

Sai dai gwanin ma ya yi tuntuɓe. Tsarin hani ya burge shi ƙwarai, har da Ellis Englesberg ya kawo hujja a 1965 cewa akwai ƙwayoyin gado da sai an kunna su da wani furotin mai ingizawa, Monod ya daɗe yana turjewa. Englesberg ne da gaskiya, kuma daga baya aka gano cewa shi kansa oferon na laktos yana da irin wannan mai ingizawa. Haka nan ya yi imanin cewa abin da ya tabbata a kan bakteriya ya tabbata a kan giwa. A ginshiƙi haka ne, amma tsarin jikin dabba da na ɗan Adam ya fito da sarƙaƙiyar da ta wuce zatonsa nesa ba kusa ba.

A 1970 ya wallafa littafinsa na falsafa a kan dace da tilas, inda ya kai ga cewa rayuwa ta samu ne bisa katari, ba da nufin kowa ba. Nan kam mun raba hanya, ni da mafi yawan masu karanta wannan shafi, kuma a ganina gwaje-gwajensa ba su isa su ɗauki wannan hukunci ba. Sun nuna yadda makunnin ke aiki ne, ba dalilin samuwarsa ba. Amma hakan bai rage komai daga ingancin abin da ya auna ba, kuma bai shafe cewa a 1960 ya shirya yadda aka fitar da masaniya Agnes Ullmann da mijinta a ɓoye daga Hangari ba.

Ya zama shugaban Cibiyar Pasteur a 1971, ya mutu a Cannes ranar 31 ga Mayu, 1976, sakamakon sankarar jini, yana da shekara 66. Shekara biyu bayan haka, a 1978, masu bincike a Kalifoniya suka jona umurnin ƙera insulin na ɗan Adam a jikin wannan makunni na laktos, suka sa E. coli ta samar da shi. Da na gaya wa ɗiyata wannan, sai ta yi shiru tana duban zanen, domin kakarta, wato mahaifiyata, allurar insulin take yi safe da yamma.