Paul Eisler: Ya sa hannu bai karanta ba, basirarsa ta tafi a fam ɗaya

Ka taɓa leƙa cikin wayarka a teburin mai gyara a kasuwar Talata Mafara? Koren allon nan mai siraran layukan tagulla, asalinsa aikin Paul Eisler ne.

An haife shi a Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1907, ya gama karatun injiniya a 1930. Bayahude ne, ƙyamar Yahudawa ta sa ya koma Ingila a 1936. A lokacin da hannu ake haɗa rediyo, waya bayan waya, a liƙe da dalma, ciki ya cakuɗe kamar taliya. Shi kuwa ya san aikin ɗab'i, sai ya yi tunanin buga hanyoyin lantarkin a kan allo kamar takarda.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Bayan sakinsa ya kama aiki da maɗaba'ar Henderson and Spalding. Nan ya sa hannu a yarjejeniya bai karanta ba, haƙƙin ƙirƙirarsa ya koma hannunsu a kan fam ɗaya tak. Duniya ta ci moriya, shi bai samu abin kirki ba. Ya rasu a Landan a 1992.

Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba fa. Har yau ɗaliban lantarki kan fara da allon gwaji mai ramuka, a soka waya a zare, babu dalma, ko su liƙa a Veroboard. Idan kai ma kana harhaɗa wani abu a ɗakinka, ci gaba. Amma ranar da aka miƙo maka takarda, karanta tukuna.