Tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, 1865–1944

Wannan taƙaitaccen tarihi ne na Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko ɗan Gidado. An rubuta shi domin ma'aikatan ƙasar Yauri, na Yelwa da na Ngaski da na Shanga, har da waɗanda ke aiki a garuruwan bakin tafkin Kainji. Ko da ya ke Katsina da nisa daga nan, tsarin aikin da aka fara gwadawa a hannunsa shi ne ya game En'e-En'en Arewa duka, har da ta Yauri. Kuma shekaru 21 na ƙarshen sarautarsa sun yi daidai da farkon zamanin Sarkin Yauri Abdullahi ɗan Jibrilu, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955. Saboda haka labarinsa ba baƙo ba ne gare mu.

An haifi Muhammadu Dikko wajen shekara ta 1865. Ubansa Gidado shi ne Durbin Katsina, asalinsu Sulluɓawa. A zamanin nan sarautar Katsina tana gidan Dallazawa, watau zuriyar Ummarun Dallaje wanda ya karɓo tuta lokacin jihadi. Durbi kuwa yana cikin manyan hakimai huɗu masu zaɓen sarki, shi da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, amma mai zaɓe ba ya cikin waɗanda a ke zaɓa. Dikko ya tashi a lokacin da Maraɗawa ke yawan kawo hari ƙasar Katsina, ya saba da doki da wahalar daji tun yana yaro. Aka naɗa shi Durbi yana saurayi, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba.

A cikin 1903 Gwamna Lugga ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Da aka bar soja a garin, sai Sarki ya ɗora wa Durbi ɗawainiyar baƙin nan, watau neman hatsi da ciyawar dawaki da masu aikin gini. Aiki ne mai wuya, ba kuwa wanda manyan fada ke marmari, domin ba riba cikinsa sai zirga-zirga da jin faɗa ta kowane gefe. Durbi ya riƙe shi da kyau. Abin da ya ce zai kawo ya kan kawo shi a ranar da ya faɗa, har aka san shi da wannan hali.

Ba a daɗe ba Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero ɗan Musa. Shi ma ba su jitu ba, aka tuɓe shi cikin 1906. Mista Palmer, Baturen da ke riƙe da Katsina a lokacin, ya tsaya a kan Durbi ya fi kowa cancanta, aka ba shi riƙon gari a ƙarshen shekaran nan, daga baya aka ba shi sanda. Ba mu ɓoye cewa abin ya yi wa mutane da yawa zafi, domin an fitar da sarauta daga gidanta, kuma ikon baƙi ne ya fitar da ita. Sabon sarki ya hau gado ba da gādo ba, idon kowa na kansa, masu jiran ya faɗi sun fi masu yi masa fatan alheri. Ba shi da abin da zai tsare kansa da shi sai aikinsa.

Babban abin da a ke tunawa da shi a farkon sarautarsa shi ne Baitulmali. A dā, jakadu ke yawo ƙauyuka suna tara haraji da jangali, kowane hannu da kuɗin suka bi ta cikinsa sai ya rage wani abu, abin da ya iso kuwa sarki da hakimansa su raba. Ba littafi, ba rasiɗi, talaka bai san iyakar abin da a ke binsa ba. A Katsina aka fara sāke wannan. Rabon da ke na sarakuna aka riƙa zuba shi wuri ɗaya a hannun Ma'aji, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Aka yanka wa kowa albashi, tun daga sarki har alƙali da hakimi da dogari, abin da ya saura a yi ayyukan ƙasa da shi. Shawarar daga Palmer ta fito, amma da Sarki ya ƙi, da ba ta zauna ba, domin shi ne wanda aka fi rage wa. Dikko ya yarda a san iyakar abin da ya ke ci a wata kamar yadda a ke sanin na ma'aikatansa. Da sarki ya shiga littafi, hakimi ba shi da bakin cewa shi ya fi ƙarfin littafi. Ba a yi shekaru da yawa ba sauran masarautu suka ɗauka.

Sa'an nan shi mutum ne mai son ya ga abu da idonsa. A cikin 1921 ya tashi zuwa aikin hajji ta hanyar Ikko da Ingila, inda ya gana da Sarkin Ingila George na Biyar, kana ya wuce Makka. Shi ne sarki mai ci na farko a Arewa da ya sauke farali, kuma ya koma Ingila sau da dama bayan wannan. Abin lura a nan, ya bar gari wata da watanni, ya komo ya tarar aiki bai tsaya ba. Wannan ba ya yiwuwa sai ga shugaban da ya raba aiki, ya sa kowa a gurbinsa.

Wajen ilmi kuma, a zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a cikin 1922. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito. An mai da ita Kaduna a 1938, daga can Zariya, ita ce Kwalejin Barewa. Wajen 1930 ya yarda aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, a lokacin da mafi yawan manya ke ƙyamar abin. 'Ya'yansa ma bai bar su zaman jiran gādo ba. Usman Nagogo ya riƙe Wakilin Doka tun 1929, ya zama Magajin Gari a 1937, ya san aikin En'e ciki da waje kafin nauyi ya faɗo kansa.

Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a cikin 1944, bayan ya shekara 37 da ɗoriya a kan gado. Nagogo ya gaje shi, ya yi sarauta har 1981, kuma sarautar Katsina tana gidansa har yau. Malam Bello Kagara ya rubuta tarihinsa da Hausa, ga wanda ke son ƙarin bayani.

To, ma'aikata, an rushe tsarin En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka maye gurbinta, amma kuɗin jama'a suna nan suna bi ta hannun akawu da ma'aji da magatakardan kotu. Wanda aka ba ƙaramin aiki ya raina shi, ya tuna cewa daga neman hatsi da ciyawa aka san Durbi. Wanda aka ɗaukaka kuwa, ya fara shigar da kansa cikin littafi kafin ya nemi na ƙasa da shi su shiga, ya kuma koya wa wani aikinsa tun yana kan kujera, domin ranar barinta tana tafe.

Allah ya jiƙan Sarki Dikko, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi wa ƙasar Yauri aiki, ya ba mu ikon riƙe amana, amin.