Tarihin Dorugu, Yaron da Ya Ratsa Gazawa Ya Kai Ingila

A yau mun leƙa tsofaffin takardu ne domin mu binciko labarin wani Bahaushe da ya rasu fiye da shekara 110 da suka wuce, wanda ba sarki ba ne, ba kuma attajiri ba, amma abin da aka rubuta a kansa ya fi na sarakuna da dama na zamaninsa.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, ya yi ta sauya hannu kamar hajar kasuwa har ya tsinci kansa a Kukawa ta Barno. A can ne wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi da ake kira Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim.

A nan ne labarin ya taɓo mu mutanen Agiye. A farkon 1853 ayarin Barth ya taso daga Damagaram ya bi ta Gazawa zuwa Katsina, Dorugu na cikinsa. Wannan hanya da a yau 'yan kasuwarmu ke bi a mota, a wancan lokaci daji ce mai haɗari saboda yaƙin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, kuma fatake ba sa shigarta sai a cikin ayari. Daga nan suka wuce Sakkwato har Tambutu, sannan suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

To, ta yaya muka san duk wannan? Barth ya ambace shi a littattafan tafiyarsa, amma babban tushe shi ne bakin Dorugu da kansa. A Ingila ya zauna a gidan wani ɗan mishan mai nazarin harshen Hausa, J. F. Schön, inda ya riƙa ba da labarinsa da Hausa shi kuma yana rubutawa: gidansu, ranar da aka kama shi, rabuwarsa da iyayensa, da abubuwan da ya gani a Turai har da yadda Turawa ke zaman cin abinci. An buga wannan labari a littafin Magana Hausa a 1885. A 1971 kuma Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara shi zuwa Turanci tare da bayanai. Mai bincike ya lura, a wasu takardun da sunan James Henry Dorugu zai same shi, sunan da Turawa suka sa masa. Duk wadda ta taɓa neman takardar gadon mijinta ta tarar an rubuta sunansa iri biyu, ta san wahalar da wannan ke jawowa.

Mu a ganinmu an tauye masa haƙƙi, domin ƙamus da nahawun Hausa da Schön ya wallafa sun jingina ƙwarai da Hausar wannan yaro, amma sunan Baturen ne a bango.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Nasarawa ta Kano, yana koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. A can ya rasu a 1912. Matar Ɗan Hausa, Isabelle Vischer, ita ta rubuta abin da aka tarar a ɗakinsa da aka zo ƙidayar kayansa: tufafin Turawa da bai taɓa sawa ba, gwangwanayen abinci da ba a buɗe ba, kuɗi a ɓoye, da tarin tabarau.