Al-Khawarizmi: Malamin Bagadaza da ya kafa harsashin aljabara

An haifi Muhammad ɗan Musa Al-Khawarizmi wajajen shekarar 780 Miladiyya. Laƙabinsa yana nuni da yankin Khawarizm, kudu da Tekun Aral, amma a Bagadaza ya yi rayuwarsa ta ilimi, zamanin Halifa Al-Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833.

Wajajen 820 ya wallafa littafinsa kan Al-Jabr wal-Muƙabala, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara. Bukatun jama'a ne suka sa shi rubutun: ciniki, awon ƙasa, da rabon gado da wasiyya, waɗanda suka cinye kaso mai yawa na littafin. Babu haruffa irin x a ciki. Da kalmomi zalla ya yi bayani. Adadin da ake nema ya kira shi saiwa, idan aka ninka shi da kansa kuma ya kira shi dukiya.

Shahararren misalinsa, a rubutun yau, shi ne x² + 10x = 39. Hanyarsa: a raba 10 biyu a sami 5, a ninka 5 da kanta a sami 25, a haɗa da 39 ya zama 64. Saiwar 64 ita ce 8, a ɗebe 5, saura 3. Sannan ya kafa hujja da zane: fili mai kusurwa huɗu da aka cike gurbinsa har faɗinsa da tsawonsa suka zama takwas-takwas. Wannan dabara ta cike murabba'i ita ce ɗalibanmu ke amfani da ita a jarrabawar WAEC da NECO.

Sai dai lissafin yana da amsa ta biyu, wato -13, wadda bai kawo ba. Gona ba ta da tsawon da ke ƙasa da sifili, magaji kuma ba ya gadon abin da bai kai komai ba, don haka bai yi aiki da irin waɗannan lambobi ba. Shi ya sa ya kasa matsalolin gida shida, inda a yau ƙa'ida ɗaya ta wadatar.

A nan ne ma'aunin nisan lamba daga sifili ya shigo. Lambobi biyu ne ke da nisan 8 daga sifili: 8 da -8. Don haka |x + 5| = 8 tana ba da 3 da kuma -13. Alamar sanduna biyun ta Bajamushe Karl Weierstrass ce, a 1841.

Al-Khawarizmi ya rasu wajajen 850. A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a Sifaniya, ya shiga makarantun Turai. Daga sunan malamin kuma aka samo kalmar algorizim, wadda ake kiran tsararrun matakan da kwamfuta ke bi da ita a yau.