DAKTA LEON GOLDMAN, LIKITAN DA YA FARA WARKAR DA FATA DA HASKEN LEZA

An haifi Leon Goldman a birnin Sinsinati na ƙasar Amurka cikin shekarar 1905. A jami'ar garinsu ya yi karatun likita, ya ƙware a kan cututtukan fata, har ya shugabanci sashen shekaru da dama.

A 1960 wani masanin kimiyya, Theodore Maiman, ya ƙera na'urar farko mai fid da hasken leza, da dutsen jan yaƙutu. Haske ne siriri, launi ɗaya tak, mai tara zafinsa wuri guda. Mutane suka yi ta zancen za a yi makamin yaƙi da shi. Shi kuwa Goldman marasa lafiyarsa ya tuna. Ba da jimawa ba ya buɗe ɗakin binciken leza a Sinsinati, kuma kafin ya taɓa kowa sai da ya gwada hasken a hannunsa. Wannan kuwa ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, don a lokacin ba wanda ya san iyakar ɓarnarsa.

Abin da ya gano, ya kuma wallafa a 1963, shi ne wuri mai duhu ya fi shan hasken. Baƙin gashi yakan ƙone, farar fatar da ke gefensa ta tsira. Da haka ya shiga goge jarfa, ya gwada a kan tawadar Allah da sankarar fata.

To, amma a nan gizo ke saƙa ga baƙar fata. Sinadarin da ke baƙanta gashi shi ne ke baƙanta fatar mutumin Maiduguri ko Kano, saboda haka lezar yaƙutu takan ƙona shi, ta bar masa tabo. A 1983 Anderson da Parrish na Jami'ar Harvard suka bayyana yadda za a zaɓi irin hasken, a taƙaita lokacin harba shi, don zafin ya tsaya inda ake so. Daga baya aka ga lezar Nd:YAG, wadda haskenta ke ratsawa can ƙasa zuwa tushen gashi, ta fi dacewa da baƙar fata. Da ita ake yi wa masu fama da ƙurajen aski magani, amma fa a hannun ƙwararre.

Goldman ya ƙarasa rayuwarsa a San Diego, inda ya rasu cikin watan Disamba 1997.