Nana Asma'u 'Yar Shehu da Ƙungiyar 'Yan Taru

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi maza da mata, muna so mu kawo muku tarihin wata baiwar Allah wadda sunanta ya cika bakin mutane, har ana raɗa wa 'ya'ya da makarantu shi, amma in ka tsai da mutum ka tambaye shi abin da ta yi, sai ya ce maka ai 'yar Shehu ce, ya tsaya nan. To, Shehu yana da 'ya'ya mata da yawa, kuma haihuwa ba mutum ke zaɓar wa kansa ita ba. Abin da ya ɗaukaka Nana Asma'u shi ne ilmin da ta nema, da kuma yadda ta tara matan ƙauye ta mai da su malamai masu yi wa jama'arsu hidima saboda Allah, ba albashi, ba sarauta.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne, ita da Hassan. Bisa al'ada sai a ce Husaina za a sa mata, amma Shehu ya sa mata Asma'u, irin sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu, wadda ta riƙa kai abinci kogo lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta.

Ku sani gidan da ta tashi gidan karatu ne, kuma ba a keɓe mata daga karatun ba. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Tun Shehu yana yawon wa'azi wani malami, Mustafa Goni, ya yi masa suka a kan barin mata su halarci majalisinsa. Ƙanensa Abdullahi ne ya mai da martani, ya nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitarsu neman sani muni, muddin dai an tsare sutura an raba su da maza. Shi kansa Shehu, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu na cikin gida ba su san ko farillan alwala ba. A cikin wannan tarbiyya Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da hadisi, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa da harshen Buzaye.

Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a shekarar 1804, sa'ad da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Ta ga nasarar Tafkin Kwatto, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Ta sha yunwa da tafiyar ƙasa tare da jama'a, daga wannan zango zuwa wancan, har Allah ya buɗe Alƙalawa a 1808. Yarinyar da ta tashi tana ganin marayu da matan da aka kashe mazajensu, ba sai an ba ta labarin wahalar talaka ba. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Bello ya gaje shi.

Ta fara rubutu tun tana da ƙuruciya. Littafinta Tanbihul Gafilina ta rubuta shi a 1820. Abin da aka tattara na rubuce-rubucenta ya haura 60, galibinsu waƙoƙi. Amma ku lura da abu guda. Larabci na malamai ne, Fillanci na dangi da almajirai ne, to talakan ƙasa fa, wanda Hausa kaɗai yake ji? Shi ya sa ta juya ga Hausa. Ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Ta shirya wata gajeriyar waƙa wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani duka 114, don mace ta riƙe su a ka tana daka ko tana kaɗi. Ƙaninta Isa, autan Shehu, shi ma ya taimaka ƙwarai wajen mai da waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa.

Yanzu sai mu zo ga babban aikinta.

Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, da rasuwar Bello a Wurno a 1837, ƙasa ta cika da mutanen da suka shigo ƙarƙashin daula amma ilmi bai kai gare su ba. Mata da yawa an kawo su daga Gobir da wasu wurare a matsayin ganimar yaƙi, an zaunar da su a ƙauyuka da ribaɗoɗi, sun rabu da danginsu. Sunan Musulunci suna da shi, amma in ɗa ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta yi gardama, ko miji ya juya baya, wurin 'yan bori ake zuwa. Kada mu yi saurin zagin su, jama'a. Wa ya je ya koya musu wani abu? Malam yana birni, ita tana ƙauye, kuma ba ta da ikon zama gaban namijin da ba muharraminta ba. 'Yar bori kuwa tana nan maƙwabta, ta san ƙofar ɗakinta, ta san damuwarta.

Asma'u ta gane cewa wa'azi daga nesa ba zai raba su da wannan ba, sai an sami wadda za ta shiga ɗakin nan ita ma. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace shugaba a garinsu. Ana kiran irin wannan shugaba jaji, watau kalmar da fatake ke kiran mai jan gaban ayari. In za ta naɗa jaji sai ta ɗora mata malafa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. A nan akwai hikima. Irin wannan malafa ita ce Innar Gobir, shugabar bori, take sawa. Matan ƙasar sun saba ganin malafa su san mai ita tana da iko. Asma'u ba ta tsaya faɗa da malafa ba, ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai karantar da tauhidi.

Matan da ke bin jaji su ake kira 'Yan Taru. Ga yadda abin yake gudana. Jaji za ta tara 'yan mata waɗanda ba a kai ɗaki ba tukuna, da tsofaffin da suka gama haihuwa, domin su ne ke da sararin tafiya. Matan aure masu goyo suna gida. Sai su kama hanya a ƙasa har wurin Asma'u, kowace da abin da ta samu na sadaka, wata hatsi, wata man shanu, wata zuma, wata zaren da ta kaɗa da hannunta. In sun iso ta karantar da su ta hanyar waƙa, su haddace, ta yi musu bayani, su kawo tambayoyin da matan garinsu suka aiko su da su, ta ba su amsa. Sadakar nan kuwa ba rumbun Waziri take shiga ba, rarraba ta ake yi ga mabuƙata. Sa'an nan su koma gida, su shiga gida-gida su isar da abin da suka koyo ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Ka ga ke nan ilmi ya isa ga mace mai jego har kan gadonta, ba tare da ta taka waje ba.

Kuma abin bai tsaya ga karatu ba. Su ne masu yi wa gawar mace wanka bisa sunna, su ne masu duba maras lafiya, su share masallaci, su koya wa yara karatun salla, su shiga tsakanin kishiyoyi ko maƙwabta in rigima ta tashi. Duk wanda ya taɓa zama ƙauye ya san nauyin waɗannan abubuwa. Mace ta rasu da dare, maza sun yi cirko-cirko a ƙofar gida, ba wadda ta san yadda ake wanka da likkafani. Ranar nan ce ake sanin darajar jaji.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya, musamman masu ƙungiyoyin agaji da na taimakon kai da kai a unguwanni. Sau nawa ake kafa ƙungiya, a raba muƙamai, a ɗinka kaki, a buga takarda mai tambari, kafin shekara ta zagayo an watse a kan kuɗi ko a kan wa zai zauna kujerar gaba? Matan nan ba su da ofis, ba su da mota. Amma kowace jaji 'yar garinsu ce, an san gidanta an san halinta, kuma ba ta koyar da abin da ba ta karɓo daga malamarta ba. Ga shi kuma abin da aka kawo na sadaka kowa yana ganin inda ya tafi. Haka nan kai maigida, da kake zuwa karatu tsakanin magariba da lisha, ka taɓa zama ka saurari Fatihar matarka? In ba za ka iya koya mata ba, to don me kake hana ta zuwa inda za a koya mata?

Wani abu da ke nuna halin Asma'u shi ne waƙoƙin ta'aziyya da ta yi. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba 'yar kowa ba ce, ta yaba mata kirki da sulhunta dangi. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta daɗe tana jawo mata zuwa karatu. 'Yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, uwar Waziri, domin ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa, amma ga alƙalaminta a kan matan da ba don ita ba da ba wanda zai san sunansu yau. Daga zuriyarta ne kuma aka sami Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, kuma a ɗakin littattafansa aka adana rubuce-rubucenta masu yawa. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi aiki a kansu ta fitar da tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997.

Allah ya yi wa Nana Asma'u rasuwa a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'Yan Taru a Wurno, bayanta kuma Tamodi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta canza, shari'a ta canza, amma jajoji ba su daina jawo matansu ba, har masu bincike suka tarar da su a ƙauyukan Sakkwato fiye da shekara 100 bayan rasuwarta, suna rera waƙoƙinta da ka.

Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu baki ɗaya, amin.