Niko Tinbergen, Masanin Halayyar Tsuntsaye

An haifi Niko Tinbergen a ƙasar Holan cikin 1907, ya koma Jami'ar Oksfod ta Ingila a 1949. Shi ne ya nuna cewa ɗan tsuntsun teku, da ƙyanƙyasarsa, yakan caccaki jan ɗigon da ke bakin uwarsa don neman abinci, ko da bakin na kwali ne. Irin wannan bincike ya jawo masa lambar Nobel a 1973. Shi da matarsa Elisabeth sun kuma nazarci yara masu larurar otizim, wadda ke wahalar da yaro wajen cuɗanya da mutane, suka ɗora laifin a kan tsoro da raunin shaƙuwa da uwa. A nan kam ya kuskure, domin bincike ya tabbatar gado ne babban sanadi. Ya mutu cikin 1988.